Layin Baffa Dabo

Lafia, ranar Lahadi.

Zuwa ga Abban Ni'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ya horo, ya abincin sansani? Mu nan lafiya muke. Ƙafar Inna Yelwa ta yi sauƙi, tana gaishe ka, Ni'ima kuma haƙori ya fara leƙowa, duk abin da ta samu sai baki, har da cazar wayata. Tunda masu horonku sun ga dama sun tattara muku wayoyi, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce zai miƙa maka. In ya karanta a hanya, shi da Allah.

Na so in cika takardar nan da labarin 'yarka, amma raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Na san duk lokacin da na fara maganar aikina kai sai hamma, to yau ka daure. Ofishinmu na zaman tare yana da wakili a kowane ƙauye wajen Ashige da Kwandere. Wakilin manoma yakan turo ta wayarsa cewa gonar wane ba a girbe ba tukuna, na makiyaya kuma ya turo cewa garke zai bi ta burtali kaza. Duka suna faɗowa cikin babbar kwamfutar nan ta kusurwa da muke kira saba, ita kuma ta raba wa kowane ɓangare gargaɗi. Ni ce mai kula da ita.

Ranar Laraba shanu suka shiga shinkafar wani bawan Allah mai suna Terseer a fadamar Ashige, suka yi mata kaca-kaca. 'Yan'uwansa suka sari saniya ɗaya a ƙafa. Allah ya tsare ba a taɓa mutum ba. Wakilin manoma ya rantse ya turo saƙo tun safe cewa ba a yanke shinkafar ba, makiyayan kuma suka ce ba su ga komai ba. Na duba sabar, babu saƙon. Na faɗi haka, na ƙara da cewa intanet ɗinmu lafiya lau yake, don ranar ma da shi na yi aiki. Ashe da bakina na jawo wa kaina.

Yanzu magana ta zagaya cewa ni nake danne saƙon manoma, saboda ni 'yar Fulani ce, kuma Baffa Dabo, shugaban ɓangaren makiyaya, ƙanin mahaifina ne. Hujjarsu ita ce saƙon makiyaya bai taɓa ɓata ba, nasu kuwa wannan ba shi ne na farko ba. Baba Iorhemba, shugaban manoma, ya ce a zaman ƙarshen wata sai an yi bayani. In ba a gamsu ba za su nemi a cire ni, in kuma aka ƙi, su janye mutanensu. Ga kaka ta shigo, lokacin da ofishin ya fi amfani.

Aikin ba ya damuna kamar sunana, Abban Ni'ima. Ni da ko alewar wani ban taɓa ɓoyewa ba, yau ni ake kallo a matsayin wadda ta sa aka cinye wa mutum abincin shekara. Jiya na je siyan doya, matar da muka saba da ita ta auna mini ba tare da ta ɗago kai ba.

Ka sa ni a addu'a. Ka kuma riƙa sa safa, na san halinka.

Taka,
Juwairiya

Lafia, ranar Asabar.

Abban Ni'ima,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Na ji daɗi da ka ce lafiyarka ƙalau, sai dai ban yarda ba ka rame ba. Inna da Ni'ima lafiya. Shawarar da ka bayar cewa in kashe sabar in sake kunnawa na gode, Allah ya ƙara basira. Wannan ko Inna ta ba ni ita.

Satin nan babu abin da ban zarga ba. Na canza kebul. Na kira kamfanin layi na yi musu tas, suka duba suka ce daga wajensu babu matsala, na ji kunya na ba su haƙuri. Na sa aka hau rufi aka duba eriya. Na bincika ko ƙwayar cuta ce ta shiga injin, ban samu ko ɗaya ba. Abin da ya fi haukata ni shi ne, duk sanda na zauna gaban sabar na buɗe shafi sai ya buɗe garau. Saƙon da ke shigowa daga waje ne kawai yake yin yadda ya ga dama, yau ya shigo, gobe ya tsaya a hanya.

Sewuese kuma, abokiyar aikina da ka sani, wadda ta kwana biyu a asibiti tare da ni lokacin haihuwar Ni'ima, ta daina cin abinci da ni. Ba ta yi mini rashin kunya ba. In lokacin abinci ya yi sai ta tuna tana da aike a kasuwa. Da na gaji na tare ta, sai ta ce, "Juwairiya, ni ban ce kai ne ba. Amma Terseer ɗan'uwan mamana ne, in na koma gida wane amsa zan ba su?" Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Shekaranjiya da rana Allah ya kawo mini haske. Ina zaune ina ta tura saƙon gwaji daga wayata kamar ni ce wakiliyar ƙauye, yana shiga, sai aka ɗauke wuta. Batirin sabar ya daɗe da mutuwa, don haka ta mutu ɗif. Aka tayar da janareta, ta dawo, na sake turawa, ya ƙi shiga. Babu abin da na taɓa. Na kashe ta da hannuna na kunna, ya ƙi. Na sake, ya shiga. Wato dai shawararka ba ta faɗi ƙasa banza ba, amma kada kanka ya kumbura.

Sai na durƙusa a bayan injin ina kallon 'yan fitilun nan masu ƙyaftawa. Sabar tana da katin netwok biyu, wato ƙofofi biyu da kebul ke shiga. Yadda na tsara ta tun farko, kati ɗaya yana kallon waje, ta nan intanet ke shigowa a layin da Baffa ya sa wa ofis, ɗayan kuma yana kallon cikin gida, yana haɗa kwamfutocinmu. Lokacin da nake hutun haihuwa manoma suka ce ba daidai ba ne a ce duk sirrinsu yana bi ta layin shugaban makiyaya, suka haɗa hannu suka sayo nasu. Ka san ofishinmu, komai biyu ne. Addu'ar buɗe taro biyu, shugaba biyu, har kujerunsu sai da aka kira kafinta ya rage ƙafar ɗaya don ta ɗara ɗayar tsawo. Da mai haɗa layin ya zo, shugabannin biyu suka tsaya a kansa suka ce ya daidaita su, kada wani ya fi wani. Shi kuma ya cire cikin gida daga kati na biyu, ya mayar da kwamfutocinmu kan wayales, ya cusa layin manoma a wurin, ya ba kowane kati abin da muke kira getwe, wato ya ce wa kowanne kai ne ƙofar fita. Na dawo na ga layi biyu, na ga komai yana tafiya, kuma a lokacin damina ce, saƙo bai da yawa.

Ga abin da ke faruwa. Wayoyin wakilai duka adireshin layin Baffa suka sani, ta nan suke ƙwanƙwasawa. In wuta ta dawo, katin da ya riga farkawa shi ke zama ƙofar fita. In na Baffa ne, lafiya. In na manoma ne, sai waya ta yi sallama ta ƙofar gaba, sabar ta amsa ta ƙofar baya, wayar ba ta san muryar ba, ta yi ta jira har ta haƙura. Ranar shinkafar Terseer an ɗauke wuta da safe.

Batun cewa saƙon makiyaya ba ya ɓata kuwa, shi ma yana ɓata. Bambancin kawai, in wayar Bafulatani ta ƙi, ba ya tsayawa wahala, sai ya kira ni, 'yar gidan Dabo, ya faɗa mini da baki, ni kuma in shigar da hannuna, ina ɗauka tsufa ne ya hana shi latsa waya. Wakilin manoma ba ya kirana, ba mu saba haka ba.

Da na gane, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na yi niyyar in kammala maka da murna, amma tun jiya wani tunani ya hana ni sakat. Bari dai in ƙara dubawa kafin in ɗora maka.

Ka gaida abokan horonka, ban da wanda ka ce yana minshari.

Matarka,
Juwairiya

Lafia, ranar Juma'a.

Abban Ni'ima,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai Ni'ima ta yi ɗan zazzaɓin haƙori, ya sauka. Wannan gajeriya ce, direban yana jira a waje yana ta danna hon.

Gyaran ba shi da wuya. In na cire getwe daga katin manoma, na bar layin Baffa shi kaɗai a matsayin ƙofa, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Amma ka tsaya ka ji yadda zai shiga kunne. Yarinyar da ake zargi da danne saƙon manoma ta yi bincike ita kaɗai, ta gano cewa layin manoma ne mai laifi, ta cire shi, ta bar na baffanta. Ko ni aka kawo wa wannan labari sai na yi tsaki.

Akwai hanyar da za a koya wa sabar ta riƙa mayar da kowace amsa ta ƙofar da saƙon ya shigo. Na kira wani da muka yi makaranta tare ya bi da ni mataki mataki. Ta yi aiki, na yi hamdala, aka ɗauke wuta, ta watse. Na sake ginawa, ta sake watsewa. Wataƙila wanda ya fi ni zai iya tsayar da ita, amma ba zan jingina gonar mutane a kan wataƙila ba, ga masu riɗi sun fara yanka.

Ɗazu Baffa ya zo da kansa da ƙwaryar kindirmon da ya saba aiko mini duk Juma'a. Na yi masa bayani, ya saurara yana gyaɗa kai, fuskarsa ta washe. Ya ce dama ya sani, layinsa bai taɓa ba da kunya ba, in cire nasu a gaban kowa ranar zama, su ga wanda ya jawo wa Terseer asara. Ya ce shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma ba zai zuba ido a zubar da mutuncin 'yarsa ba. Wallahi don ƙaunata yake faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Yana tafiya na kasa shan kindirmon.

Akwai hanya ta uku, mai wahala. Ba zan rubuta ta ba don kada ka hana ni, ko da yake kafin amsarka ta iso an riga an yi zaman.

Ka yafe mini gajartar.

Juwairiya

Lafia, ranar Lahadi.

Zuwa ga Abban Ni'ima,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewa. Ya jiki, ya gajiya? Na ji an ce saura kaɗan a sallame ku, Allah ya nuna mana. Inna tana gaisuwa, Ni'ima ta fara rarrafe da baya, gaba kam ta ce ba yanzu ba. Ka yi haƙuri da jinkirin wannan takarda, yawancin kwanakin nan a hanya na yi su.

An yi zaman. Ɗakin ya cika har taga, manoma a dama, mutanenmu a hagu, Terseer a gaba ya harɗe hannu. Ban yi dogon turanci ba. Na sa aka jawo sabar tsakiyar ɗaki, na juya bayanta ga jama'a don su ga fitilun. Na roƙi Baba Iorhemba ya riƙe makunnin wuta da hannunsa, wakilin Ashige kuma ya riƙa turo saƙo daga wayarsa, ni na koma gefe na ɓoye hannuwana cikin hijabi. Baba ya kashe ya kunna, saƙo ya shiga. Ya sake, ya shiga. Na ce a raina yau injin nan zai tozarta ni. Da ya sake sai fitilar katin manoma ta riga, wayar wakili ta yi ta juyi, saƙon bai iso ba. Baba ya ji daɗin wasan, ya yi ta kashewa yana kunnawa har sai da na ce zai ƙona mana inji. Kafin a gama, tsofaffin da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba suna kallon fitila suna faɗin ko zai shiga ko ba zai shiga ba.

Baba Iorhemba ya ce ya gamsu babu hannuna. Terseer ya sauke hannuwansa. Da na yi bayanin cewa dole ƙofar fita ta zama ɗaya, sai kowa ya gane inda maganar ta nufa. Wani daga dama ya ce ai dama an shirya, ƙarshenta nasu za a cire. Baffa yana kallona yana murmushi, yana jira.

Na zagaya bayan sabar na zare kebul ɗin Baffa.

Tun kafin zaman na nemi kamfanin layin manoma su ba mu adireshi tsayayye, sun bayar. Na gaya wa jama'a cewa daga yau ta nan saƙo zai shiga ya fita, katin da na zare wa layi kuma zai koma riƙe cikin gida. Na faɗa musu gaskiya cewa wannan ce hanya mafi wahala, domin sai an bi wayar kowane wakili an canza mata adireshi, kuma kafin a gama kowa ya riƙa kira da baki, manoma su kira Sewuese ko ni, duk wadda suka samu. Dalilin da ban faɗa musu ba, kai zan faɗa wa. Da na manoma na zare, da ofishin ya mutu a ranar. Da wani daga cikinsu ya taɓa na Baffa, mutanenmu ne za su tashi. A duk ɗakin nan ni kaɗai ce zan iya zare wannan kebul a zauna lafiya.

Ofishin bai watse ba. An sasanta batun shinkafa da saniya a zaman da ya biyo baya. Ni da Sewuese muka bi ƙauyuka, mota inda mota ke zuwa, babur inda ba ta zuwa, muna karɓar wayoyi muna gyarawa. A hanyar Kwandere ta ɓare gyaɗa ta zuba mini a tafin hannu, muka ci. Tun da muka gama an ɗauke wuta ba adadi, saƙo ko ɗaya bai ɓata ba. Mai doya ma ta koma yi mini gyara.

Saura Baffa. Ranar zaman bai yi faɗa ba, ka san shi da kunya a gaban mutane. Ya bari aka watse, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara rawani. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani cewa layinsa ba a jefar ba, da shi za mu riƙa aikin ofis. Ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Da 'yarsu ce ta cire, na san abin da zan gaya wa mutanena. Ke kika cire, Juwairiya. Me zan ce musu?" Ya sa takalmansa ya tafi.

Na ji labari a rugage ana cewa 'yar Dabo ta kunyata shi a gaban manoma don ta tsira da aikinta. Wakilanmu sun ba ni wayoyinsu na gyara, amma gaisuwar ta zama ta baƙi. Tsofaffin da suke kirana da baki su tambayi Ni'ima kafin su faɗi hanyar garke, yanzu duk sun iya latsa waya. Na wanke sunana a dama, ban san a hagu zai yi tabo haka ba. Ko da na sani ina jin abin da zan yi ke nan, amma kada ka ɗauka ba ya ci mini rai. Mutumin nan shi ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni makaranta ranar farko.

Juma'a biyu ke nan kindirmo bai zo ba. Ƙwaryarsa ta ƙarshe tana wurina, na wanke ta na kife a kan firji. Inna ta ce in aika masa da ita da goro a ciki, amma ina tsoron ya karɓa ya yi shiru, shi ke nan ba ni da sauran dalilin zuwa. Na fi so in jira ka dawo mu tafi tare, kai ka yi sallama, ni in riƙe Ni'ima da ƙwaryar. Yana jin nauyinka, kuma bai taɓa iya ganin yarinyar nan bai miƙo hannu ba.

Don Allah in an sallame ku kada ka biya ko'ina.

Matarka mai jiranka,
Juwairiya